Inda Simintina Ya Tafi

Shekarun da suka rage mini a aikin gwamnati ba su da yawa lokacin da na sayi filin nan na bakin hanyar Mai'adua. Ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibiti a Sandamu. Kullum da safe in bi motar haya daga Daura, in dawo bayan la'asar. Gwiwoyina ne suka fara gaya mini lokaci ya yi, tun kafin ofis ya ce uffan. In na durƙusa karɓar haihuwa, sai na dafa bakin gado kafin in iya miƙewa, 'yan matan da ke koyon aiki a hannuna kuwa su kau da kai kamar ba su gani ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya riga ni yin ritaya. Malamin gona ne. Ya daɗe yana zirga-zirgar neman giratutinsa, har takalminsa ya cinye. Ranar da aka biya shi, ban san ta inda labari ya fita ba, amma kafin mako ya zagayo zaurenmu ya cika. 'Yan uwan da muka manta kamanninsu suka tuna da mu. Wannan matarsa za a yi wa aiki, wancan jarinsa ya karye, wani kuma ya zo da zancen sayen shanu a raba riba. Shi kuwa mutum ne da bai iya cewa babu. Damina ɗaya ta wuce, zauren ya koma shiru. Ya ƙare kwanakinsa yana jin nauyin roƙona kuɗin goro, sai dai in ajiye masa ƙarƙashin filo in fita.

Tun daga nan kunnena ya canza. In mutum ya tsawaita gaisuwa, sai in fara jiran abin da ke bayanta.

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba. Wa'azi ko'ina, a rediyo, a cikin mota, a bakin masallatai, kuma zancen riba ya fi kowanne yawa a wurin ma'aikata. A asibiti ana ta gardama ko ajiya a banki ta halatta. Ni ba sai an yi mini wa'azi ba, dama ban yarda da duk wurin da ba na ganin kayana da idona ba. Adashe nake yi, shi ma sai da matan da na san ƙofar gidajensu. In na ɗauka sai in sayi tunkiya in kai wa ƙanwata, da ke aure a wani ƙauye wajen Mashi, ta riƙe mini. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita, amma duk da haka na san fuskar kowace tunkiya, in na je sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Ita ma ta sani, dariya kawai take yi.

Da tumakin suka yi yawa, mijinta ya kora su kasuwar Mai'adua, ni kuma na bi su da kaina na tsaya a gefe har aka gama ciniki. Da kuɗinsu na sayi filin, da sunana. Niyyata in gina shaguna biyu in ba da haya, yadda ko fansho ya zo ko bai zo ba, ba zan miƙa wa kowa hannu ba.

Ɗana na fari yana sayar da kayan babur a cikin gari. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba a hannuna ya tashi ba, kakarsa ta ɗauke shi tun yaye. Tsakaninmu gaisuwa ce, daga bakin ƙofa, shi kansa a ƙasa, ni fuskata a wani gefen. Ba zan ce ya taɓa yi mini wani abu ba. Duk Juma'a sai ya aiko da cefane, ko na ce ina so ko ban ce ba.

Ban gaya masa zancen filin ba, a waje ya ji. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Hajiya, na ji an ce kin sayi fili."

"An saya," na ce.

"Shaguna aka ce za a yi?"

"In Allah ya yarda."

Ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ya tashi. Cefane ya ci gaba da zuwa, amma shi ya ɗauke ƙafa, har aka haƙa harsashi bai leƙo ba.

Sai ga shi wata ranar Asabar, fuska a sake, har da ledar lemo. Ya ce ya yi tunani, bai kamata a ce uwarsa ce ke tsayawa cikin leburori ba alhali yana gari. In bar masa tsayuwa a kan aikin, ni in riƙa ba da kuɗin kaya kawai. Gaskiya ina bukatar mai tsayawa, don ni wunin ranar ina Sandamu. Na amince. Amma da ya fita na zauna ina kallon ledar lemon nan. Mutumin da ya yi fushi har ya daina zuwa, me ya sauko da shi lokaci guda?

Da farko aiki ya tafi daidai. Magini dattijo ne mai farin gemu, ba ya yawan magana, an shaida mini kirkinsa. Ana ajiye siminti a zauren wani maƙwabcin filin. In na dawo daga aiki sai in sauka daga mota kafin tasha, in taka zuwa wurin in duba. Bango ya taso har gwiwa, ya kai ƙugu.

Daga nan aikin ya fara ja da baya. Ina ba da kuɗin siminti kamar da, amma sai in zo in tarar an ɗora layi ɗaya, wani lokaci ma ba a taɓa ba. In na tambayi ɗan nawa ta bakin ƙanensa, sai a ce ruwa ya yi wuya, ko mai buga bulo ba shi da lafiya. Wata rana na sa farce na kankari wani sabon bulo a bangon baya. Ya zube mini a tafin hannu kamar gari. Na je na kankari na ƙasa, na farkon aiki, farcena ne ya lanƙwashe. Ni ba magina ba ce, amma wanda ya daɗe yana dama kunu ya san in an yi masa ƙari da ruwa.

Na leƙa zauren maƙwabcin ta kafar ƙofa. Buhunan sun yi ƙasa sosai, fiye da abin da bangon nan ya ci. A ƙofar zauren kuma ga sawun amalanke a kan yashi, bai nufi filina ba, ya juya ya yi cikin gari.

Ban gaya wa kowa ba. Na koma gida na fara jera mutane a zuciyata. Maƙwabcin ne na farko, don na ga ya yi wa katangarsa sabon yaɓe. Sai na tuna yaɓen laka ne. Na koma kan leburori, na ce buhu ɗaya ko biyu za su iya ɗauka, ba amalanke ba da rana tsaka. Na koma kan magini. Har mijin ƙanwata sai da na sa a lissafi, shi da bai taka Daura ba tun ranar kasuwa. Suna ɗaya ne nake zagayewa in bari. A asibiti ina auna mata, hannuna a kan cikin mace, hankalina a kan sawun amalanke. Wata abokiyar aikina ta ce, "Sista, ko hawan jini ne?" Na ce gajiya ce.

Ranar da na sami hutu na je filin da hantsi. Na tarar da magini shi kaɗai yana jiƙa bulo. Muka gaisa, na tsaya har ya ajiye bokitin.

"Malam, bulon nan na baya ba irin na farko ba ne."

"Haka ne, Hajiya."

"Yashi ya yi yawa."

"Abin da aka ba ni da shi nake aiki."

"To ina sauran? Sace shi ake yi?"

Ya ɗago da sauri, ya waiga dama da hagu, duk da ba kowa sai akuyoyi. Ya matso kaɗan ya rage murya.

"Hajiya, don Allah ki mayar da kalmar nan. A wannan zamanin ba a furta ta haka kawai. In ta fita daga bakinki ta shiga kunnen wani, gobe ni ne a gaban alƙali, kuma da hannun nan nake ci da iyalina."

Ya miƙo hannunsa na dama, duk ya tsage da siminti. Ban san ko an taɓa yi wa wani irin wannan hukunci a garinmu ba, amma tsoron yana nan a bakin kowa, kuma na ga dattijon nan ba wasa yake ba.

"Ban ce kai ne ba, Malam."

"Na sani. Amma ni ba ni ke buɗe zauren ba. Ki tambayi mai tsaye a kan aikin." Ya ɗauki bokitinsa. "Kuma ni ban ce komai ba."

Ban cika zuwa gidan ɗana ba, sai suna ko rashin lafiya. Ranar na je ba sanarwa, bayan azahar, lokacin da na san yana shago. Na yi sallama na shiga. Tun daga tsakar gida na gan shi, sabon ɗaki a kusurwar da a da turken awaki yake, ya kai linta a saman ƙofa, bulo baƙi ƙirin saboda ya ƙoshi da siminti. A gefe ga buhunan da aka zazzage an tara. Ban ko taɓa bangon ba, na san farcena ba zai shige shi ba.

Surukata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta zube ƙasa tana gaisuwa. Ta kawo tabarma, ta kawo ruwa, ta sake gaishe ni kamar ba ta yi ba.

"Gini kuke yi," na ce.

"E, Mama."

"Allah ya sa albarka. Na waye?"

Ta dubi ɗakin, ta dubi ludayin. "Naki ne, Mama. Cewa ya yi kada a gaya miki sai an gama. Kin ga har makewayi za a yi a jikinsa, saboda ƙafarki."

Na zauna na sha ruwan. Wata uwar da ta ji haka kuka za ta yi don daɗi. Ni kuwa fuskar yarinyar nake karanta, ina tambayar kaina ko yanzun nan ta ƙirƙiro amsar, ko sun shirya ta tun tuni don ranar da zan faɗo. Ƙofar ɗakin tana da faɗi ƙwarai. Za a iya cewa don tsohuwa mai ciwon ƙafa aka yi ta haka, za a kuma iya cewa don a riƙa shigar da kwalayen kayan babur. Na yi mata sallama na fito, ban jira shi ba.

Na aika wa ƙanwata ta zo. Na zayyana mata komai, tana ta salati.

"Yaya, me za ki yi? Yanzu fa ko a ƙauyenmu mata zuwa suke gaban alƙali su karɓi haƙƙinsu. Dukiyarki taki ce, ko a hannun wa take."

"Ɗan da na haifa zan kai?"

"Ni ma ban ce ki kai shi ba. Na faɗa ne ki san kina da ƙarfi."

"Kira mini shi kawai. Ke za ki yi maganar."

Ya zo bayan la'asar. Ya durƙusa inda ya saba, ƙanwata na tsakiya, ni ina kan kujera ina fuskantar bango. Da ganin yadda ya shigo na san matarsa ta riga ta gaya masa.

"Tambaye shi," na ce wa ƙanwata, "ina simintina ya tafi."

"Yana gidana, Inna," ya amsa mata. "Ban sayar ba, ban ba kowa ba. Ɗakinta nake ginawa."

"Tambaye shi wa ya ce ina neman ɗaki."

Da ya buɗe baki, ba irin muryar da na sani ba ce.

"Inna, kin san abin da ake gaya mini a kasuwa? Cewa suke uwarka na gina shaguna don ta san ba za ka ci da ita ba. Ran nan liman yana huɗuba a kan haƙƙin iyaye, wanda ke kusa da ni ya juyo ya dube ni. Me na rage ta da shi? Da raina, da lafiyata, a ce Hajiya na zaune tana jiran wani tela ya kawo mata kuɗin haya ta sayi masara? Ni meye amfanina?"

"To in ɗakin ne," in ji ƙanwata, "me ya hana ka gina da naka?"

"Kasuwa ta tsaya. Na ce in fara da wannan, in ta buɗe in mayar. Ai duk nata ne. Kuɗinta ne, ɗakinta ne."

"Bulon da aka ƙara wa yashi fa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na juyo ba. Tunda na haife shi ban taɓa kallon idonsa ina magana ba sai ranar.

"Kai," na ce, "da ranka ka ce. Wa ya ba ka takardar cewa za ka riga ni ko zan riga ka? Ubanka ma da mutane ya dogara, ka ga yadda ya ƙare. Kasuwar da ta tsaya maka bana, wa ya ce ba za ta tsaya ranar da nake kwance ba? Da za ka bar mini bangon da zai faɗo kan ɗan mutane, don kada a dube ka a masallaci?"

Ƙanwata ta riƙe mini hannu. Shi kuwa kansa ya ƙara yin ƙasa, na ga kafaɗunsa na motsi. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, kuma da gaske na faɗa. Sannan na ce ya aiko mini da mukullin zauren kafin magariba. Ya aiko.

Na ɗauki hutun da na daɗe ina tarawa. Kullum da safe in tafi filin da kujerar roba da lema, in zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi da ke gefe, mukulli a ɗaure a bakin zanina. Masu wucewa a kan babur suna rage gudu su kalle ni. Wasu mata sun aiko mini da magana cewa bai dace da shekaruna ba, na ce na ji. Na sa aka rushe bangon baya gaba ɗaya. Ranar da magini ya ga an kwaɓa siminti yadda ya kamata, na ji shi yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Duk da haka ban daina tashi in duba kwaɓin ba.

Abin da ke hannuna bai kai shaguna biyu ba. Ɗaya aka rufa wa kwano aka sa ƙofa, ɗayan ya tsaya a iya taga, har yau haka yake. Ɗana ya aiko da wasu buhuna daga baya, ba su kai waɗanda suka tafi ba, ni kuma ban nemi sauran ba. Ya ƙarasa ɗakin gidansa da kuɗinsa, ya shafa masa shuɗin fenti, ya aiko ƙanwata ta gaya mini an gama. Na ce a gode masa. Ban koma ba.

Na yi ritaya a shekarar da ta biyo. Fansho yana zuwa, wani lokaci ya yi jinkiri. Wani tela ya kama shagon, mutumin Zango, yana ɗinka kayan makaranta. Tun ranar farko na gaya masa a hannuna zai riƙa sa kuɗin haya, ba a hannun ɗa ba, ba a hannun jika ba, ko da an ce masa ina kwance. Ya riƙe wannan.

Sau ɗaya na zauna a shuɗin ɗakin, lokacin da aka yi mini aikin ido aka ce kada in zauna ni kaɗai. Na yi makonni a can. Surukata ta yi mini hidimar da 'yar cikina ba za ta fi ta ba. Shi kuma kullum kafin ya tafi kasuwa sai ya durƙusa a ƙofa ya tambayi kwanana. Na ji daɗin zaman, ba zan ɓoye ba. Da idon ya washe na ce a kira mini mai babur mai ƙafa uku, na koma gidana. Bai hana ni ba, shi ya ɗauko mini jaka.

A watan da ya wuce telan ya kawo haya. Ya tsufa shi ma, ya sa tabarau. Bayan ya miƙo mini sai ya tsaya yana juya hularsa.

"Hajiya, ɗanki ya zo shago shekaran jiya."

"Ɗinki ya kawo?"

"A'a. Ya zagaya ne ya duba wancan da ba a ƙarasa ba. Ya auna shi da ƙafa. Ya tambaye ni ko kwano na yoyo, ya kuma tambayi yaushe hayata za ta ƙare."

"Wanne ya fara tambaya, kwanon ko hayar?"

Ya yi tunani. "Wallahi na manta, Hajiya."

"Shi kaɗai ya zo?"

"Da wani mutum, ban san shi ba. Shi bai sauka daga kan babur ba."

Na sallame shi. Mai yiwuwa ƙarasa mini ginin yake son yi, ba ya so in sani sai an gama. Mai yiwuwa kuma wani abin ne daban. Ranar Juma'a cefane ya zo kamar kullum, har da kifi, wanda ya san ina so. Na sa aka soya na ci. Washegari da hantsi na ɗauki sandata na tafi bakin hanya, na zauna a bencin telan ina kallon masu wucewa har aka kira azahar.